Maɓallin Jan Kaya A Motar A-Kori-Kura, Da Lokacin Danna Shi

A hutun da ya wuce na raka kawuna kai dankalin Turawa Lafia. Motarsa a-kori-kura ce ƙirar Amurka, ta hannu, irin mai canza giya da kanta. Muka cika bayanta da buhuna, muka kuma ɗaura mata 'yar tirela mai ɗauke da injin niƙa. Da muka iso Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, muka soma gangarawa, sai kawu ya ɗora ƙafa bisa birki, bai ƙara ɗagawa ba. Ba mu yi nisa ba na ji wani wari. Na ce, "Kawu, me ke ƙonewa?" Ya ce, "Yi shiru, ɗana." Na duba, ga ƙafarsa ta nutse har kusa da ƙasa, mota kuwa sai ƙara gudu ta ke yi. Allah ya taimake mu da wani ɗan fili a gefen hanya, ya karkata can, da ƙyar ta tsaya. Muka fito, ƙafafun gaba suna hayaƙi.

Muna nan zaune sai wani tsohon direba ya tsaya yi mana jaje. Ya leƙa cikin motar, ya nuna wani ɗan maɓalli a ƙarshen sandar giya, an rubuta Tow/Haul a jikinsa. Ya ce, "Maigida, wannan ado ne?" Kawu ya ce shi a zatonsa na jan motar da ta mutu ne, shekara 2 ke nan bai taɓa shi ba. Da muka komo gida na ɗauko littafin motar na karanta, na kuma tambayi makanikai. Abin da na samo shi na ke so in gaya muku, gama da yawa cikinmu a irin waɗannan motoci za a kai mu ƙauyukan da za mu koyar, mu da akwatunanmu.

Rubutun nan ma'anarsa ja da ɗauka. Tun 1940 kamfanin General Motors ya fara sayar da motoci masu canza giya da kansu, amma wannan maɓalli ya sa shi a a-kori-kurarsa Chevrolet Silverado a 1999. Akwai irinsa a Ford F-150 da Ram da Toyota Tundra. Ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan, ba ya kuwa sa ƙafa huɗu su ja. Abin da ya ke yi shi ne ya gaya wa kwamfutar motar, "Yau muna da nauyi, sāke lokacin canza giya."

Mota in ba ta da kaya, ta kan yi hanzarin kai wa babbar giya domin ta rage shan mai. Wannan daidai ne. Amma ka tuna da mai keke ɗauke da buhun masara a kan tudu: in ya bar keken a babbar giya, ƙafarsa ba za ta iya juya feda ba. Haka mota mai nauyi. Ta hau babbar giya, ta ji ba ta iyawa, ta sauko, ta sami ɗan gudu, ta sāke hawa, ta sāke saukowa. Wannan kai da komowa shi ke kashe akwatin giya. Dalili kuwa, tsakanin inji da giya akwai wani abu mai kama da fanka biyu suna fuskantar juna cikin mai. Ta wajen inji ta kaɗa man, man ya juya ɗayar. Muddin ɗaya ta fi ɗaya gudu, ƙarfin da ya ɓace tsakaninsu zafi ya ke zama. Ga kuma farantan kuloci na ciki, kowane canji sai sun goge juna. Man giya ya kan yi aikinsa lafiya a zafin digiri 80 zuwa 95, amma in ya haura 120 sai ya fara lalacewa da sauri, ya yi baƙi, ya yi ƙauri. In ka danna maɓallin, mota ta kan daɗe a ƙaramar giya kafin ta hau ta gaba, ta kuma ɗaure fankokin nan biyu su juya tare da wuri. Za ka ji inji ya ɗaga murya. Kada ka tsorata, aikinsa ke nan.

Amma a ganina babban amfaninsa a gangare ya ke, watau wurin da ya kusa cinye mu. Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. A ce mota da kaya da tirela sun kai kilo 5,000, gangaren kuwa ya sauko mita 400. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasarmu, tun da Jos tana bisa teku da wajen mita 1,200. Ka riɓa 5,000 da 10 da 400, za ka sami jul 20,000,000. Lita guda ta ruwa tana bukatar jul 315,000 kafin ta tashi daga digiri 25 ta tafasa. Ashe zafin da wannan gangare zai haifar ya isa ya tafasa ruwa lita 63, jarka 3 ke nan masu lita 20 har da ɗoriya. To, in direba ya dogara ga birki kaɗai, duk wannan wuta cikin 'yan faifan ƙarfe huɗu za ta shiga. Takalmin birki in ya yi zafi ƙwarai ba ya kamu. Man birki kuma ya kan tafasa. Irin wanda a ke kira DOT 3, sabonsa ya kan jure digiri 205, amma in ya tsufa ya sha laima, a 140 ma ya iya tafasa. Da ya tafasa sai tururi ya shiga bututu, tururi kuwa matsuwa ya ke yi, shi ya sa ƙafar kawu ta nutse ba ta tarar da kome ba.

Da ya danna maɓallin nan a bisa tudu, da zarar ya taɓa birki motar da kanta za ta sauko ƙaramar giya, inji ya riƙe ta. Sa'an nan birki sai a taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci, a sake shi ya sha iska. A nan dole in yi magana a kan wata mummunar al'ada ta waɗansu direbobinmu, ta cire mota daga giya a gangare wai don tanadin mai. Motocin zamani in suna gangarawa cikin giya, ƙafa ba ta kan totur, su kan yanke man da kansu. Mai cire giya bai tsira da kome ba, ya kuwa jefar da taimakon inji.

To, yaushe a ke dannawa? Littafin General Motors ya ce ya fi amfani in nauyin mota da tirela ya kai kashi 75 cikin 100 na iyakar da aka yanka wa motar. A ce iyakar kilo 6,000 ce, daga 4,500 ke nan. Amma wa ke yawo da ma'auni? Ni dai ga abin da na riƙe: in kana jan tirela mai nauyi, ko bayan motar ya cika har ya zauna, danna. In ka ji giya tana hawa da sauka ba ta zauna wuri ɗaya ba, danna. In ka fuskanci dogon gangare, danna tun kana sama, ko da kayan ba su da yawa. Haka kuma cikin cunkoson gari da kaya, inda a ke tashi a ke tsayawa. Sai ka lura, a yawancinsu in an kashe mota ya kan koma yadda ya ke, sai an sāke dannawa. Akwai 'yar fitila a gaban direba mai nuna yana aiki.

Mota wofi a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ta bukatarsa. Ba zai ɓata kome ba, sai dai ƙarin shan mai da ƙara. Inda ya ke da haɗari shi ne hanya mai santsi. Kamfanin Ford ya yi gargaɗi kada a yi aiki da shi a kan ƙanƙara ko santsi, gama in giya ta sauko farat ɗaya ƙafafun baya sun iya zamewa, motar ta juya. Mu ba mu da ƙanƙara a hanya, amma muna da jar laka ta watan Agusta, ita ma ba ta da dama. Kada kuma wani ya ce tun da akwai maɓalli bari ya ƙara buhu 5. Iyakar nauyin da a ka rubuta a jikin ƙofar direba tana nan yadda ta ke.

Yawancin Hilux da mu ke gani ba su da wannan maɓalli. Mai irinta sai ya yi aikin da hannunsa: ya ja sandar giya zuwa S ya zaɓi 3 ko 2, a tsofaffi kuwa ya kashe O/D ko ya sa 2 ko L. Mai giyar hannu dā ma ya san ka'idar, giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka.

Kawu ya sāke takalman birki da man birki duka. Makaniken ya zaro sandar awon man giya ya miƙa mini in sansana, na ji ƙauri, shi ma aka zubar aka zuba sabo. Kuɗin gyaran ya cinye ribar dankalin nan kaf.