Gernot Rohr: Bajamushen Da Ya Koyar Da Ƙwallo A Yamai Da Nijeriya

Masu karatu da yawa sun san sunan Gernot Rohr, amma kaɗan ne suka san inda ya fito. An haife shi a Mannheim, cikin ƙasar Jamus, ran 28 ga Yuni, 1953, a gidan da ƙwallo gado ne, gama wani ɗan'uwansu, Oskar Rohr, yana cikin waɗanda suka ciwo wa Bayern Munich kofin ƙasa a 1932. Shi ma Gernot ya shiga Bayern a 1972, sai dai ya tarar da su Beckenbauer da Gerd Müller sun cika fage, bai sami shiga wasa ba sai jefi-jefi. Bayan shekara biyu ya bar su.

Arzikinsa a Faransa yake. A 1977 ya koma Bordeaux, ya yi shekara 12 yana tsaron baya, watau aikin da ba a cika yi wa tafi ba: a ba ka gwanin abokan karawa, a ce ka bi shi duk inda ya sa ƙafa har a tashi. Da shi aka ci kofin ƙasar Faransa sau uku, a 1984 da 1985 da 1987.

Da ya zama mai koyarwa, abin da ya fid da sunansa shi ne wasan 1996. AC Milan ta cinye Bordeaux biyu ba ko ɗaya a Italiya, kowa ya ce magana ta ƙare. Da aka zo ramuwa, sai yaransa, cikinsu har da wani saurayi Zinedine Zidane, suka zuba uku ba ko ɗaya. Suka kai har wasan ƙarshe na kofin UEFA, can kuwa Bayern, tsohon gidansa, ta kayar da su.

Daga 2010 ya riƙe 'yan wasan Gabon, sa'an nan a 2012 ya iso Yamai. Ya kai Nijar gasar Afirka ta 2013, inda ta yi kunnen doki da Kwango, ba wanda ya ci. Kada a raina wannan, don shi ne maki na fari da Nijar ta taɓa samu a gasar.

A watan Agusta na 2016 aka danƙa masa 'yan wasan Nijeriya, alhali sun kasa zuwa gasar Afirka sau biyu a jere. Ya fid da su daga rukunin da ke da Kamaru da Aljeriya da Zambiya, ya kai su Rasha a 2018. Can ne Ahmed Musa ya ci Aisilan ƙwallo biyu, kana Ajantina ta kore su saura 'yan mintoci a tashi. A Masar, a 2019, suka zo na uku.

To, mu da aikinmu horon malamai ne, ga yadda muka auna shi. Lalle ya iya riƙon aji: ya tarar da hayaniya, ya kawo natsuwa, yara suka san wurin zamansu. Amma malami ba a tsaya ga sakamakon jarrabawa wajen auna shi, sai a duba ko ya yaye waɗanda za su gaje fagen. Nan ne aka fi kuka da shi. Galibin waɗanda yake kira masu wasa ne a Turai, waɗansu ma can aka haife su, 'yan wasan gida kuwa, irin na Kano Pillars da Enyimba, ba safai yake waiwayarsu ba. Sai dai a yi adalci: filayen makarantunmu da suka zama kufai ba shi ya bar su haka ba, kuma ba a ɗauko shi don ya gyara su ba.

Haƙurin jama'a ya soma ƙarewa a Nuwamba 2020, sa'ad da Nijeriya ta ba Saliyo huɗu ba ko ɗaya, aka tashi huɗu da huɗu. A Disamba 2021 aka sallame shi, saura mako huɗu a fara gasar Afirka. A 2023 ya karɓi Jamhuriyar Benin, a Yuni 2024 kuwa ya haɗu da tsofaffin yaransa a Abijan, ya cinye su biyu da ɗaya. Nijeriya ta rama a Uyo cikin Oktoba 2025, huɗu ba ko ɗaya.