Mai Gida A Waje, Ƙofa A Kulle

Ba ƙaramin tashin hankali ba ne mutum ya kunna kwamfutarsa, ya buga sunansa da kalmar sirri daidai, amma injin ya hana shi shiga foldar da ya tara takardun aikinsa a ciki. Wannan yakan sami masu aiki da Linux, kuma galibi babu abin da ya salwanta. Izini ne kurum ya rikice.

Asalin wannan tsari daga Unix ne, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a Bell Labs ta Amurka cikin 1969, sa'an nan Linux ya zo a 1991 ya gaje shi. An kasa masu taɓa kowane fayil kashi uku, watau mai shi, da 'yan ƙungiyarsa, da sauran jama'a. Izinin karantawa lambarsa 4, na rubutawa 2, na aiwatarwa kuwa 1. Akan haɗa su, 7 ta zama cikakken iko, 6 karatu da rubutu kawai.

To, lamba 1 ɗin nan ita ce aka fi rainawa, alhali a kan folda ma'anarta izinin wucewa ne. Ko da ɗakin mutum ne, in an rufe zaure ba shi da hanyar kaiwa gare shi. Saboda haka wanda ya buga chmod -R 644 a kan foldarsa, wai don tsaro, ya kulle kansa a waje da hannunsa. In kuwa /home ce, zauren da kowa ke bi, ta rasa wannan izini, kowa ya maƙale sai root, babban mai kula da injin. Har ila yau, buɗe wani shiri da sudo yakan bar fayil irin su .Xauthority a hannun root, sai shafin shiga ya yi ta komowa.

Gyaran ba ya bukatar sake zuba Linux. A danna Ctrl da Alt da F3 tare, a shiga ta baƙin allon rubutu. In sunan mai foldar musa ne, umarnin namei -l /home/musa zai nuna izinin kowace ƙofa da ke kan hanya. Sai a buga sudo chmod 755 /home, a mayar wa mai abu abinsa da sudo chown -R musa:musa /home/musa, kana a bi da sudo chmod -R u+rwX /home/musa. Lalle X ɗin ta zama babba, domin ita ce ke buɗe foldodi ba tare da mai da kowace takarda shirin aiwatarwa ba. Ita foldar gida a bar ta a 700, ko 750 kamar yadda Ubuntu ya koma yi wa sababbin foldodin gida a 2021.

Masu gaggawa sukan buga 777 su huta. Wannan ganganci ne, gama duk mai suna a injin zai iya shafe takardun mutum, shirin SSH kuma yakan ƙi karɓar mabuɗinsa muddin foldar gida na buɗe ga rubutun kowa.