3.4 Muhimmancin Sake Rubuta Ƙananan Manhajojin Umarni da Harshen Perl

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin duba ko akwai amfani a sake rubuta ƙananan manhajojin umarni na tsarin Unix da harshen da ake tafintawa nan take, kamar Perl. Abin da ake nufi da waɗannan manhajoji shi ne irin su cat mai nuna abin da ke cikin fayil, da grep mai zaƙulo kalma, da sort mai jera layuka, da wc mai ƙidaya kalmomi. An fara gina Unix ne a Bell Labs ta Amurka a shekarar 1969, kuma akasarin manhajojin nasa da harshen C aka rubuta su. Shi C sai an juya shi zuwa harshen inji kafin ya yi aiki, alhali Perl, wanda Larry Wall ya fito da shi a 1987, tafinta ne ke karanta shi yana aiwatarwa kai tsaye.

Fitaccen misali a nan shi ne aikin Perl Power Tools da Tom Christiansen ya ƙaddamar a 1999. Dalilinsa kuwa shi ne, mai aiki da Windows a wancan lokaci ba ya samun waɗannan manhajoji, amma Perl yana aiki a kusan kowace irin kwamfuta. Saboda haka idan aka rubuta su da Perl sau ɗaya, duk inda tafintan yake za su yi aiki.

Amfani na biyu shi ne koyo. Ɗalibin da ya rubuta wc da hannunsa dole ya tsai da abin da ake kira kalma da abin da ake kira layi. Wannan hanya ce Kernighan da Plauger suka bi a littafinsu Software Tools na 1976.

Sai dai kuma akwai matsaloli. Ta farko ita ce jinkiri, domin duk lokacin da aka kira manhajar sai an tayar da tafinta tukuna. Idan sau ɗaya ne ba a lura, amma idan sau dubu ne a jere, ɓata lokacin yakan fito fili. Ta biyu ita ce cikar aiki. Alal misali, sort na GNU yakan rarraba babban fayil gida-gida a kan faifai idan ya fi ƙarfin ma'adanar kwamfuta, sannan yana la'akari da tsarin haruffan harshe. Wanda aka rubuta cikin gaggawa yakan jera kalmomi bisa lambar harafi kawai, ta yadda ɓ da ɗ da ƙ za su koma bayan z. Ga mai tsara ƙamus na Hausa, wannan kuskure ne babba. Ta uku ita ce, buƙatar farko ta ragu, domin Cygwin ya kawo manhajojin Unix cikin Windows tun 1995, kuma a 2016 kamfanin Microsoft ya shigar da tsarin WSL.

Bisa ga waɗannan bayanai, wannan bincike yana ganin cewa aikin yana da amfani a wurare biyu: wajen koyarwa, da kuma inda ba a yarda a saka sabuwar manhaja ba amma akwai tafinta a kwamfutar. Inda kuwa ake da na asali, kuma ana sarrafa manyan fayiloli, ya fi dacewa a riƙe su, a yi amfani da Perl wajen haɗa ayyukansu. Sashe na gaba zai duba yadda ake gwada sabuwar manhaja da ƙa'idojin POSIX.