Tawadar allo daban, tawadar takarda daban

A Sabon Maci, ƙasar Dakoro, manomin da ya koyi rubutu yakan rubuta tiyar hatsin da ya ranta, da awakin da ya ba makiyayi kiwo. Amma da wace tawada?

Tawadar gawayi da ƙaro ta allo ce, don wankewa aka yi ta. In ɗaki ya yi yoyo da damana, shaida ta tafi, sai gardama.

Tawadar bagaruwa da kashin maƙera ita ke kama takarda. Alƙalami mai shan tawada yana da kyawon rubutu, amma wata tawadarsa ba ta jure ruwa. Bic, wanda aka fara yi Faransa a 1950, ya fi jurewa.

Mai wayo yakan gwada tukuna: ya rubuta, ya bushe, ya ɗiga ruwa.