Abin da Ya Sa Wasiƙar Imel Ke Shiga Ko'ina

Ɗalibin da ke da adireshin Gmail yana iya aika wasiƙa ga malaminsa mai amfani da Yahoo, ta kuma isa nan take. Amma mai WhatsApp ba shi da hanyar aika saƙo kai tsaye ga mai Telegram. Bambancin yana cikin yadda aka gina kowannensu tun daga tushe.

Imel ba mallakar kowa ba ne. A shekarar 1971 wani injiniya ɗan Amurka, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'urar da ke karɓar masa saƙo. A 1982 Jon Postel ya wallafa ƙa'idar da ake kira SMTP, wato dokokin da kwamfutoci biyu ke bi wajen miƙa wasiƙa: yadda za su gaisa, su faɗi mai aikawa da mai karɓa, sannan su tabbatar saƙo ya shiga hannu. An bar ƙa'idar a fili, kowa na iya karantawa ya yi aiki da ita ba tare da neman izini ba. Saboda haka kowace jami'a ko ma'aikata na iya kafa tata kwamfutar wasiƙu, kamar yadda gidan waya na Kano da na Damagaram ke musayar wasiƙu alhali hukumominsu daban.

WhatsApp kuwa, dukkan saƙonninsa ta na'urorin kamfani guda suke bi. An ga illar haka ranar 4 ga Oktoba, 2021, sa'ad da kuskure wajen saita na'urorin kamfanin Facebook ya dakatar da Facebook da WhatsApp da Instagram na kusan sa'o'i 6. 'Yan kasuwar da cinikinsu ya dogara da waɗannan hanyoyi sun zauna jugum, imel kuwa bai daina tafiya ba.

Buɗaɗɗiyar ƙa'ida na tafiya ne da manhaja mai 'yanci. Richard Stallman ya fara aikin GNU a 1983 bisa manufar cewa mai amfani da manhaja ya sami damar aiki da ita, da nazarin yadda aka rubuta ta, da gyara ta, da raba ta ga wasu. A Ingilishi kalma ɗaya ce ke nufin 'yanci da kyauta, abin da ya daɗe yana rikita mutane. Hausa ta huta da wannan ruɗani. 'Yanci ake nufi, domin ba a hana sayar da irin wannan manhaja ba.

A kan wannan tafarki Eugen Rochko ya fito da Mastodon a Jamus a 2016: dandalin zumunta mai dubban cibiyoyi masu cin gashin kansu, da ke magana da juna ta ƙa'idar ActivityPub. In aka rufe cibiya ɗaya, sauran na nan.

Sai dai tsarin na da nasa nauyi. Ƙofar da aka buɗe wa kowa ta buɗe wa masu wasiƙun damfara, kuma tace su aiki ne mai cin kuɗi da ƙwarewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa makarantu da dama suka miƙa wasiƙunsu ga Google ko Microsoft, maimakon ɗaukar ma'aikacin da zai kula da kwamfutarsu dare da rana.