Shin agogon motsa jiki na faɗin gaskiya kan kalori?

Miliyoyin mutane a duniya na ɗaura agogon zamani a hannu domin sanin bugun zuciyarsu da yawan kalorin da suke ƙonawa idan suna motsa jiki. To sai dai bincike ya nuna cewa ko da yake waɗannan na'urori sun iya ƙidayar bugun zuciya, lissafinsu na kalori yana cike da kuskure.

Kalori dai shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, da kuma ƙarfin da jiki ke kashewa. Masu neman rage ƙiba da dama kan dogara da alƙaluman da agogon ya nuna wajen yanke shawarar yawan abincin da za su ci.

Binciken jami'ar Stanford

A shekarar 2017, masu bincike a jami'ar Stanford da ke Amurka, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Euan Ashley, sun gwada na'urori bakwai a jikin mutane 60. Daga cikin na'urorin akwai Apple Watch da Fitbit Surge da Samsung Gear S2.

An sa mutanen zama, da tafiya, da gudu, da tuƙa keke, yayin da ake kwatanta abin da agogunan ke nunawa da sakamakon na'urorin asibiti.

Shida daga cikin na'urorin sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Amma ta fuskar kalori babu ko ɗaya da ta yi daidai. Wadda ta fi kusa da gaskiya ta kauce da kashi 27 cikin ɗari, wadda ta fi nisa kuwa da kashi 93.

Wato idan mutum ya ƙona kalori 400, na'urar da ta fi inganci ma za ta iya nuna masa 290 ko kuma fiye da 500.

An daina ƙera na'urorin da aka gwada a lokacin, kuma sababbi sun maye gurbinsu. Duk da haka, wani nazari da aka wallafa a 2020, wanda ya tattara sakamakon bincike 158, ya gano cewa babu wani kamfani da na'urarsa ke auna kalori daidai.

Daga ina kuskuren yake?

Dalili na farko shi ne agogon ba ya auna kalori, kintata yake yi. A bayansa akwai 'yar fitila mai koren haske da ke haska fata. Da yake jini na shanye koren haske, na'urar na gane kowane bugu daga sauyin yawan jinin da ke ratsa wuyan hannu.

Daga nan sai ta haɗa wannan da shekarun mutum, da nauyinsa, da tsayinsa, da jinsinsa, ta fitar da adadi.

A ɗakin gwaji kuwa, numfashi ake aunawa, domin jiki na fitar da kalori kusan 5 daga kowace lita ɗaya ta iskar oksijin da ya yi amfani da ita. Alaƙar da ke tsakanin bugun zuciya da wannan iska ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Zuciyar ɗan wasan da ya saba da atisaye na tura jini mai yawa a bugu guda, don haka yana iya yin aiki mai nauyi ba tare da bugun ya hau sosai ba.

Haka kuma zafin rana, da ƙishirwa, da fargaba, da shan kofi ko cin goro na iya ɗaga bugun zuciya alhali mutum bai yi wani ƙarin aiki ba. Wasu magungunan hawan jini kuma na rage shi.

Akwai kuma batun launin fata, saboda baƙar fata ta fi shanye koren haske. Binciken na Stanford ya ga ƙarin kuskure ga masu duhun fata da masu ƙiba, amma wani bincike da jami'ar Duke ta wallafa a 2020 bai ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin launukan fata wajen auna bugun zuciya.

Mene ne abin yi?

Haɗarin yana ga wanda zai ci abinci daidai da abin da agogo ya ce ya ƙona. Gwangwanin lemo mai zaƙi na mililita 330 na ɗauke da kalori kusan 140, kuma kuskuren agogo a atisaye ɗaya ko biyu na iya kai wannan adadi.

Hakan ba ya nufin na'urar ba ta da amfani. Idan mutum ya shigar da ainihin nauyinsa da shekarunsa, ya kuma ɗaura ta tamau a ɗan sama da ƙashin wuyan hannu, za ta taimaka masa wajen kwatanta ƙwazonsa na yau da na jiya.

Ga mai son sanin ko ƙibarsa na raguwa, sikeli da awon ƙugu a tsawon makonni sun fi agogo bayar da amsa. Mai ciwon suga ko ciwon zuciya kuma ya nemi shawarar likita kafin ya sauya abincinsa bisa alƙaluman da ke fuskar agogo.