Launin Fiffike Ba Ya Nuna Dangi

Duk inda tumfafiya ta tsiro, a saura ko a bakin hanya, da wuya a rasa wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro yana shawagi a natse, ƙarshen fikafikansa baƙi da ɗigo-ɗigon fari. Masana na kiransa Danaus chrysippus. Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, ne ya fara rubuta siffarsa a 1758. Yau ana lissafa shi cikin dangin Nymphalidae, waɗanda ƙafafunsu biyu na gaba suka tsumbure, har ka ɗauka huɗu gare su alhali shida ne. Irin wannan ginin jiki, da abincin tsutsa, da gwajin ƙwayoyin gado, su ake bi wajen rarraba waɗannan ƙwari. Launi kuwa shaida ce mai rauni.

Na Afirka ta Yamma, wanda ake ce wa alcippus, fikafikansa na baya farare ne. A gabashin nahiyar akwai dorippus, shi ba shi da baƙin nan na ƙarshen fiffike. Mai kallo zai rantse iri biyu ne, amma inda suka haɗu suna barbara su hayayyafa, shi ya sa akasarin masana ke ɗaukarsu jinsi guda. Akasin haka ya fi ban mamaki. Tsutsar Danaus tana cin ganyen tumfafiya, ta tara dafinsa a jiki, dafin ya bi ta har bayan ta yi fiffike, tsuntsun da ya ɗanɗana sau ɗaya ba ya marmarin ƙari. Macen wani jinsi dabam, Hypolimnas misippus, ta ɗauko kamarsa sak, tana cin albarkacin tsoron da ake masa. Namijinta baƙi ne mai manyan fararen tabo, ko kusa bai yi kama da ita ba.

Wani zai ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, mene ne na wahalar da kai da sunayen Latin? To, tsuntsu ya fi mu kaifin ido, abincinsa ke nan kullum, kuma macen nan tana ruɗinsa. Wani kuma zai ce wannan aikin marasa abin yi ne. Manomi ne zai ba shi amsa. Tsutsar da ta bayyana a Afirka ta Yamma a 2016 tana cinye masara ta wani dangi ce can dabam, na masu tashi da dare. Wadda ke kan tumfafiya, mai zanen baƙi da fari da rawaya, ba ruwanta da hatsi. Kafin ka saɓa tankin feshi, duba ganyen da tsutsar ke ci, ka nuna wa malamin gona.